Uwargida, rabonki da fita shan iska tun yaushe?

Wata safiyar Laraba ina haɗa wa wata baiwar Allah magungunan da za ta tafi da su gida, bayan ta kwana biyar a gadon asibiti saboda hawan jini, sai ta riƙo gefen rigata ta ce, "Sista, don Allah ba za ku ƙara mini ko kwana biyu ba?" Na zaci wani wurin ke mata ciwo. Na sake gwada jininta, na ga ya sauka yadda ake so. Na ce, "Hajiya, ina ne ke damunki?" Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Lafiyata ƙalau. Amma wallahi shekarata 17 da aure, ban taɓa zama wuri ɗaya an kawo mini abinci ina kallon bishiya ta taga ba, sai a nan."

Dariya muka yi ni da ita. Amma da na tashi aiki na hau Keke Napep zan koma Muciya, maganar ta ƙi barin raina. A ce gadon asibiti, da warin magani da kukan majinyata, shi ne wurin hutun mace?

Ke ma da kike karanta wannan, ki ɗan tsaya ki ƙirga. A cikin shekarar nan sau nawa kika sa mayafi kika fita? Yanzu ki cire biki da suna, ki cire gaisuwar mutuwa da dubiya, ki cire awo da riga-kafin yara, ki cire kasuwa da wurin aiki. Me ya rage? Da yawanmu babu ko ɗaya. Hatta bikin da muke kira hutu, ai kin san ba hutu ba ne: ke ce a gindin murhu, ke ce a rabon abinci, ki dawo gida ƙafa a kumbure.

Abin da nake so in faɗa miki a yau shi ne, fita ta yini ɗaya don kawai a huta, a ga wuri, a ci abinci a inuwa a dawo, ba almubazzaranci ba ce, kuma ba sai mai kuɗi ba. A nan Zariya ma, wuraren suna bakin ƙofarmu.

Ba al'adar Turawa kaɗai ba ce

Na san za a ce wannan ai ɗabi'ar Nasara ce. Gaskiya ne mutanen Ingila sun yi nisa a ciki, amma ki ji yadda abin ya faro. A 1841 wani mai suna Thomas Cook, mai fafutukar yaƙi da shan giya, ya shirya jirgin ƙasa ya kwashi mutum kimanin 500 daga garin Lesta zuwa wani gari da ke kusa, a je a dawo a yini ɗaya, kowa ya biya sule guda. A 1871 majalisarsu ta yi dokar ware wasu ranakun hutu, sai ma'aikata suka riƙa cika jirage zuwa bakin teku da iyalansu. A 1895 kuma aka kafa ƙungiyar National Trust, wadda a yau ke kula da ɗaruruwan tsofaffin gidajen attajirai da lambuna da gaɓar teku, kowa ya biya ya shiga. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai wata mata, Octavia Hill, wadda ta yi rayuwarta tana aiki a unguwannin talakawan Landan, ta kuma dage cewa wanda ke kwana a cunkoso shi ya fi kowa buƙatar fili da ciyawa da iska. Kin ga ke nan tun asali don talaka aka yi abin.

Mu ma ba baƙinsa ba ne. Da ba mu san shi ba, da ba mu da kalmar kilisa, da ba mu da shan iska. Yawon Sallah fa? Kallon hawa fa? Kakanninmu mata suna zuwa rafi, suna kai abinci gona, suna tafiya ƙauye cin kasuwa a ƙafa, suna hira a hanya. Mu ne muka shigo gari, aka kewaye mu da bulo da kwano, aka miƙa mana waya, fitar ta mutu ba mu lura ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma awa ɗaya kullum. Yaranmu na Sabon Gari da ke tashi daga boko zuwa Islamiyya zuwa gaban talabijin, a ina za su samu?

Kufena: dutsen da muke wucewa kullum

In za ki fara, ki fara da Kufena. Duk wanda ya taɓa shigowa Zariya ta hanyar Kaduna ya gan shi tsaye a bayan Wusasa. Mahaifiyata ta fi shekara 40 a Muciya, ta wuce shi ta tagar mota ba adadi, amma ba ta taɓa taka gindinsa ba sai da muka kai ta.

Dutsen nan ba dutse ba ne kawai. Tarihin da aka gada ya nuna cewa kafin a kafa birnin Zariya inda yake a yau, sarautar Zazzau ta zauna a Turunku, ta kuma zauna a Kufena. Ana danganta tasowa daga Turunku da zamanin Bakwa Turunku a ƙarni na 16, wato mahaifin ko mahaifiyar Sarauniya Amina da ƙanwarta Zariya, wadda garin ya ci sunanta, domin masu ba da tarihi sun saɓa a kan Bakwa mace ce ko namiji. Har yanzu akwai ɓurɓushin tsohuwar ganuwa a kewayen wurin. Yaron da ya haddace sunan Amina don jarrabawa, ranar da ya ɗora hannunsa a kan wannan ƙasa, karatun ya zauna masa. Gani ya kori ji.

Daga Sabon Gari za ku iya bi ta Ƙofar Doka, ko ku bi ta Kwangila zuwa Ɗan Magaji. Ku fita da an sallame sallar asuba, domin hawan dutse na sanyin safiya ne. In kun isa, kada ku kama hawa kai tsaye kamar gonar gado. Ku yi sallama da mutanen wurin, ku gaida manya, ku nemi saurayi ɗan unguwar da ya san hanya ya yi muku jagora, ku sallame shi da abin da ya sauƙaƙa. Shi ya san inda ke da santsi, shi ya san inda zuma ta yi gida, shi kuma zai gaya muku gaskiyar halin da ake ciki a ranar.

Ba dole sai an kai ƙololuwa ba. Ko rabi kuka hau, za ki juyo ki ga gonaki shimfiɗe, ga rimayen Zariya sun yi wa gidaje rumfa, wani lokaci ga ƙaramin jirgin ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, wadda aka kafa a 1964, yana shawagi. A nan ne ɗan ƙanwata mai shekara takwas ya tambaye ni, "Anti, duk wannan garin namu ne?" Bai taɓa sanin Zariya ta wuce layinsu da makarantarsu ba.

Da kun sauko, ga Wusasa. Nan ne mishan ɗin da Dokta Walter Miller ya fara a cikin birni ya koma a ƙarshen shekarun 1920, kuma a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, haka ma Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa. Akwai tsohon cocin St. Bartholomew da aka gina a 1929 da ƙasa, ginin Hausa tsantsa. Ko don yara su ga aikin magina na da, ya isa a nemi izinin masu kula da shi a leƙa cikin ladabi.

Gidajen da ke da labari

Mutanen Ingila suna biyan kuɗi su shiga gidan wani basarake da ya mutu shekara 200 da suka wuce, su kalli kujerarsa da gadonsa. Mu namu gidajen masu labari, da masu su a ciki har gobe.

Ki ware wata safiya ku shiga cikin birni. Ku tsaya a ƙofar Fadar Zazzau, yara su kalli zanen da ke jikin ginin, su ga dogarai, ki gaya musu cewa gidaje huɗu ke sarautar nan: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ki gaya musu marigayi Sarki Shehu Idris ya yi shekara 45 a kan gado, daga 1975 zuwa 2020, sannan Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli ya gaje shi. Shiga ciki kuwa sai da izini, kuma tambaya ba ta ɓata komai.

Kusa da fadar ga Masallacin Juma'a. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina shi da ƙasa da azara, ba siminti ba rodi, ya ɗaure rufinsa da bakan gizo da ɗaurin guga irin wanda masana gine-gine daga ƙasashen duniya suka zo suka auna suka rubuta littattafai a kai. A shekarun 1970 an yi sabon gini aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon a ciki. Saboda darajarsa har kwafinsa aka gina a gidan tarihi na Jos. Wato mutane sun taso daga wata uwa duniya don su ga aikin Babban Gwani, mu kuwa da ke nesa da shi da kuɗin Keke Napep ba mu taɓa ɗaga kai mun kalla ba.

Daga nan ku zaga ƙofofi: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai. Ki sa yara gasar wanda zai fi riƙe sunayen. In akwai wata tsohuwa 'yar uwa a cikin birni, ku ƙare yinin a zaurenta. Kun haɗa tarihi da zumunci a kuɗin mota ɗaya.

Lambu da inuwa a Samaru

In abin da ranki ke so shi ne ciyawa da inuwa da shiru, Samaru ce amsa. Tun 1922 aka fara binciken aikin gona a can, kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shi ya sa itatuwan wurin suka manyanta haka. Da yawa daga matan Muciya ba su taɓa shiga jami'ar ba sai in rakiyar mai neman gurbin karatu ta kama.

A ciki akwai lambun tsirrai na jami'ar, inda ake renon itatuwa iri-iri don koyarwa. Akwai filin da ɗaliban sashen zane da sassaƙa ke jera ayyukansu a sarari, sashen da ya gaji sunan da matasa irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka yi wa Zariya tun 1958. Akwai Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da dogon benen majalisar jami'a, waɗanda ko daga waje yaro ya kalla sai ya yi tambaya. Sai dai ki tuna makaranta ce, ba wurin wasa ba. Ku gaya wa masu tsaron ƙofa abin da ya kawo ku, lambun kuma a nemi izini tun kafin ranar. Kada a tsinki fure, kada a bar leda.

Ribar wannan fita ba iska kaɗai ba ce. 'Yarki mai shekara goma ta ga 'yan mata da hijabinsu rungume da littattafai suna fitowa daga laccar likitanci ko injiniya. Abin da idonta ya gani a ranar ya fi nasihar shekara.

Tekunmu, da haɗarin da ke cikinsa

Teku kam ba mu da shi, sai wanda ya je Legas ko ya gani a Jidda. Namu tekun shi ne dam: na jami'a da aka tare kogin Kubanni a Samaru, da na kogin Galma da ake kira Shika Dam, in an matsa kuma ga Tiga a Jihar Kano, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, mai faɗin da sai ki rantse teku ne. Zama a bakin ruwa da yamma, ana kallon masunta da tsuntsaye, yana sauke wani nauyi daga ƙirji.

Amma a nan zan sa rigar aikina in yi miki magana. Ruwa na kallo ne, ba na shiga ba.

Na farko, nutsewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kimanin dubu 300 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma ƙananan yara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Yaron da ke nutsewa ba ya ihu kamar a fim. Shiru yake yi, cikin ɗan lokacin da za ki juya ki zuba shinkafa a faranti. Don haka a bakin ruwa kowane ƙaramin yaro a damƙa shi a hannun babba guda, da sunansa. "Ai muna kallonsu" shi ne ke jawo kowa ya zaci wani ne ke kallo. Kwalekwale kuwa, ba mu manta da Bagwai ba: a ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari, sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. In babu rigar kariya, ko kika ga an cika jirgi, ki haƙura. Hoto bai kai rai ba.

Na biyu, tsagiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ba ya gudu sosai, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, ko da iyakar ƙafa ya tsoma. Ba a jin komai a ranar. Sai daga baya yaro ya fara fitsari da jini a ƙarshensa. Har yanzu ina haɗuwa da iyayen da ke ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba balaga ba ce, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara har ya taɓa ƙoda. Yana da magani mai sauƙi a asibiti, amma rashin shiga ruwan ya fi sauƙi.

In hali ya yi, Kaduna

Kaduna tafiyar kimanin kilomita 80 ce, ana zuwa a dawo a yini. Can ne za ki samu abin da ya fi kama da gidajen tarihin Turawa: Gidan Arewa, inda Sardauna Ahmadu Bello ya zauna, inda kuma aka kashe shi a daren 15 ga Janairun 1966. Tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi, akwai kayayyakinsa da hotuna a ajiye. Daga nan ku gangara lambun Gamji a bakin kogin Kaduna, inda aka kafa 'yar gadar ƙarfe ta Lugga da aka fara ginawa a Zungeru a 1904.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar tsaro gaskiya ce. Mu da muka ga abin da ya faru da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022 ba ma buƙatar a yi mana bayani. Wurare irin su Turunku, ko katafaren gidan dutsen nan na Kajuru da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, suna da daɗin gani, amma kada hoton Facebook ya ja ki. A tambayi mazauna wurin da direbobin tasha a makon da za a tafi, a bi babbar hanya, a fita da rana a dawo kafin magariba, a bar wa wani a gida bayanin inda aka nufa. In zuciya ba ta kwanta ba, a fasa. Tsoro dalili ne na zaɓen wuri da hankali, amma bai kamata ya kulle mu a ɗaki har ƙarshen rayuwa ba.

Kuskuren da na tafka, don kada ki maimaita

Fitarmu ta farko, ni da nake taƙama da aikin jinya ni na fi kowa kunyata. Mu 11 ne. Aka ce ƙarfe bakwai, ba mu bar gida ba sai goma da rabi, saboda wata na jiran ɗaurin ɗankwali. Ruwan da na tanada ya ƙare kafin azahar. Kunun ayar da na kwana ina tacewa ya yi tsami a bayan mota. Matar yayana ta zo da takalmi mai tsini. Muka dawo kowa na harar kowa. Daga ranar na koyi waɗannan:

Lokaci: daga ƙarshen damina zuwa cikin sanyi, wato Oktoba zuwa Janairu, ya fi daɗin fita. A bazara rana na iya kayar da yaro da tsoho. A damina dutse na santsi, ga tsawa, ga ciyawa ta rufe hanya.

Ruwa: ki tanadi wanda kike ganin ya isa, sannan ki ninka. Ki riƙa bai wa yara ba sai sun ce suna jin ƙishi ba.

Guzuri: abin da ke jure zafi. Gurasa, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama, dambun nama, dafaffen ƙwai da ɓawonsa, dabino, lemo, rake. In shinkafa ce, ta fito daga wuta ta shiga kula da zafinta, a cinye ta da wuri, kada a dawo da saura a ba yara da dare. Kunun aya da fura da nono da haɗin salak mai Bama, in babu ƙanƙara a bar su a gida.

Jakar gaggawa: farasitamol, filasta, bandeji, sabulu, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In babu, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, musamman a hunturu. Mai ciwon sukari kada ya sha magani ya hau dutse da yunwa.

Sutura: takalmi mai rufi mara tsini, da hijabin da ba ya jan ƙasa. A rage turare mai ƙarfi saboda zuma. A hana yara cusa hannu a kogon dutse. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko awarwaro, a nufi asibiti.

Sai tabarma da buta, domin salla ba ta jira, da babbar leda ta kwashe shara.

Maganar kuɗi, da kai maigida

Na sani, tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kowa na lissafin kowace naira. Amma mu faɗa wa juna gaskiya: ankon biki ɗaya da ɗinkinsa ya isa ya kai gida guda Kufena ya dawo da su, har da canji. Abincin da za a ci a can, shi ne dai wanda da ma za a dafa a gida. Abin da ya ƙaru kuɗin mota ne. Mu gida uku muka haɗu muna zuba ɗan adashi duk Juma'a, in ya taru mu ɗauki shatar bas ɗaya. Sau biyu a shekara ma ya wadatar.

Kai kuma maigida, na san kana leƙen wannan shafi a wayar uwargida. Kai kana da majalisa, kana da teburin mai shayi, kana da gidan kallon ƙwallo. Ko a hanyar kasuwa kana ganin sama da ƙasa. Ita fa? In kana ganin bai dace ta fita ita kaɗai ba, to ai magana ta zo da sauƙi: ka kai ta. Malamai sun sha karanta mana cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha a halin tafiya. Girmanka ba zai ragu ba don ka shimfiɗa wa iyalinka tabarma a gindin bishiya. Kuma roƙona ɗaya: a ranar, kada ta zama kuku da mai reno a sabon wuri. Ka riƙe yara, ka zuba abinci, ta miƙe ƙafa. In ba haka ba, kicin kawai ka sauya mata.

Kada kuma a ce na ce shan iska na warkar da hawan jini. Mai shan magani ya ci gaba da sha, ya ci gaba da zuwa awo. Amma jiki magayi ne. Zuciyar da ba ta taɓa samun sarari ba, wata rana ita za ta nema wa kanta hutu, kuma a gadonmu na asibiti take nemansa.

Ranar da muka kai mahaifiyata Kufena, ba ta hau ba, gwiwa ta hana. Muka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, ga fulas ɗin shayinta. Ta daɗe tana kallon dutsen, sannan ta ce, "Ikon Allah. Ashe haka yake da girma." Da muka sauko muka tarar ta tara jikoki tana ba su labarin wani dutse na ƙauyensu da suke hawa suna 'yan mata su tsinko ɗinya, labarin da ni da na haura shekara 30 a gabanta ban taɓa ji ba. A mota muna dawowa, daidai gadar Kubanni, ta taɓo ni ta ce, "Wancan dam ɗin na Samaru da kike faɗa, yana da nisa?"

Bayan Sallah za mu kai ta, in Allah Ya yarda. Ke fa, ina za ki fara? In akwai wani wuri a garinku da iyali za su iya yini cikin kwanciyar hankali, ki faɗa mana a ƙasa, wata ta ƙaru da ke.